Layin Da Ban Ja Ba

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Hollis ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa, ya tambaye ni ya gwiwa. Tun daga nan na san akwai abin da zai karɓe a hannuna, don shugaban namu bai taɓa damuwa da gwiwar kowa ba.

Shari'ar Wendell Ledet ce. Renata ce za ta zauna a kujerar gaba, ni a gefenta. Ita za ta yi wa mutanen da kotu ta kira tambayoyi, ita za ta tace sha biyun da za su yanke hukunci. Ni kuma in riƙe takarda ina rubutu kamar ɗan koyo.

"Lokacinta ne, Lucius," in ji shi. "Ai kai ka koya mata. Ka ɗauke shi a matsayin yabo."

Na ce na gode da yabo.

Shekara ashirin da tara ina wannan ofishin, ina tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Ranar da Renata Guidry ta fara aiki, shekara takwas ke nan, ko ƙofar da lauyoyi ke shiga kotu ba ta sani ba, ta je ta bi layin masu laifin tuƙi. Ni na je na fito da ita.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Na gaya wa Claudette a kicin. Ko juyowa ba ta yi ba, tana yanka albasa ta ce, "To ba sai ka huta ba? Kullum kana kukan gwiwa." Shekara talatin da aure, har yau matar nan ba ta san lokacin da ake so ta bi bayan mijinta ba. Ko kuma ta sani sarai.

Talata, 28 ga Fabrairu

Mun je gidan yari wurin Wendell. Ya rame. Shekararsa arba'in da ɗaya, tun yana ɗan sha biyar yake kan jirgin kamun jatan lande. A watan Yuli wani abokin aikinsa ya taso masa da ƙugiyar ƙarfe a bakin ruwa, kan maganar ragar da ta yage, shi kuma ya zaro wuƙar aikinsa ya soke shi sau biyu. Mutumin ya rayu. Gwamnati ta ce yunƙurin kisa ne, mu mun ce kare kai ne. Na yarda da shi, don na ga abin da ƙugiyar ta yi masa a kafaɗa. In aka same shi da laifi, mafi ƙaranci shekara goma, ana iya kai shi hamsin. 'Yarsa tana aji huɗu.

Ya tambayi yadda ake zaɓen sha biyun. Na buɗe baki ke nan, Renata ta riga ni.

"Mutum sittin za a kira, Mista Ledet. Duk wanda ya nuna ba zai iya adalci ba, sai mu gaya wa mai shari'a dalili, ta sallame shi. Wannan ba shi da iyaka. Bayan haka muna da layi goma sha biyu. Mu ja layi a kan sunan mutum, ya tafi gida, ba mai tambayarmu dalili, muddin ba don launin fatarsa ba ne, ko don mace ce ko namiji. Lauyan gwamnati ma yana da nasa sha biyun. Kuma kafin a rantsar da su, muna iya komawa baya mu ja layi a kan wanda muka riga muka karɓa. Ba waɗanda muke so muke zaɓa ba. Waɗanda muke tsoro muke kora."

Maganata ce, kalma da kalma. Har wurin da nake tsayawa in ja numfashi kafin jimlar ƙarshe, nan ta tsaya. Wendell ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, Mis Renata, yanzu na gane." Ni da na yi masa wannan bayanin tun watan Nuwamba.

A mota ta tambaye ni ko ta yi daidai. Na ce ba laifi.

Juma'a, 3 ga Maris

Soyen kifin azumi a harabar coci. Ina kan layi da farantina, magatakardar kotu ta dafa ni ta ce, "Mista Lucius, an ce yarinyarka ce za ta ja ragama ranar Litinin. Yarinyar nan sai ta zama alƙaliya, ka rubuta ka ajiye." Na ce Allah ya sa. Shekara ashirin da tara matar nan tana karɓar takardu a hannuna, ba ta taɓa cewa zan zama komai ba.

Kifin ya yi gishiri. Claudette ta ce bakina ne.

Litinin, 6 ga Maris

An fara tacewa. Mai shari'a Comeaux a sama, Pitre lauyan gwamnati a teburin hagu da sabon aski, mutane cike da benci kowa da lambarsa, kowa yana addu'ar a sallame shi ya koma aikinsa.

Ni hanyata ba ta canza ba: takarda mai gidaje-gidaje da fensir. Ina duba takalmin mutum, da abin da ya riƙo ya karanta, da wanda ya matsa wa a benci da wanda ya ƙi matsa wa. Renata kuwa tun Asabar ta bi sunayen sittin ɗin nan a intanet, ta san wanda yake da kare da wanda ya saki matarsa. Sannan ta iya sa mutane magana, wannan kam dole in rubuta. Ta tsaya ba takarda a hannu, ta tambayi wani tsoho yaya ya ji da takardar kotu ta iske shi, ya ce ya ɗauka matarsa ce ta kai shi ƙara. Kotu ta ɗauki dariya, har Comeaux. Ni sai in yi awa guda ban samu ko murmushi ba.

Na tura wa Renata 'yar takarda a kan lamba shida. Takalmi ya sha goge har yana ƙyalli, irin na wanda ya yi soja, ba zai so mai wuƙa ba. Ta rubuta "na gani" ta bar shi. Da rana muna cin wake da shinkafa, Hollis ya zo ya zauna, ta ce masa, "Mista Lucius takalma yake karantawa, ni har yanzu ban iya harafinsu ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na san ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Da yamma aka jera rukuni na biyu. Lamba sha huɗu wata dattijuwa ce, Eulalie Prejean, hula ruwan toka, jaka a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Shekara talatin tana dafa abincin makarantar firamare. Mai shari'a ta tambaya ko akwai wanda ya san ɗaya daga cikin lauyoyin nan, ba ta ɗaga hannu ba. Renata ta tambaya ko akwai wanda aka taɓa kai wa wani nasa hari ko aka kashe, hannu uku suka tashi, ban da nata. Da aka zo kanta ta ce, "'Yata, na raba faɗan yara ba adadi, kuma na san ba kullum wanda ya fi kuka ne mai gaskiya ba."

Renata ta zana taurari uku a gefen sunanta. Pitre ma bai taɓa ta ba, ya ga tsohuwa mai zuwa coci. Aka karɓe ta.

Da za ta koma benci ta dube ni, sau ɗaya tak. Na san matar nan, riƙon jakar nan na sani.

Talata, 7 ga Maris

Ƙarfe bakwai na safe ina ɗakin tsofaffin fayiloli a ƙasan ofis. Ban yi minti goma ba na same shi. Shekara ashirin da biyu da suka wuce na kare wani mai gyaran mota da ya soki saurayi a ƙofar gidan rawa, saurayin ya mutu. Na ce kare kai ne, sha biyu suka yarda, mutumina ya tafi gida. Sunan mamacin Anthony Sonnier. Uwarsa, Eulalie Sonnier, ta zauna a bencin gaba kwana tara da jaka a cinya. Ranar hukunci ta tare ni a baranda ta ce, "Kare kai, ko? Je ka gaya wa kabarinsa." Daga baya ta sake aure, shi ya sa sunan ya canza, shi ya sa kuma intanet ɗin Renata bai san komai ba.

Na sa fayil ɗin a jakata na hau sama. Wallahi da niyyar ba Renata shi na hau.

Na same ta a ɗakin lauyoyi tare da Hollis, suna kan takardarta. Yana cewa, "Sha huɗun nan zinariya ce, ina kika samo ta?" Tana dariya tana cewa, "Tambaya kawai na yi, na yi shiru na bar ta ta yi magana." Sai na ce a raina, bari su gama. In ta tambaye ni zan faɗa. Ai ba ni ne a kujerar gaba ba, ban ga dalilin da zan riƙa cusa kaina ana mayar da ni abin dariya ba.

Zuwa ƙarfe uku an cika sha biyu. Layi ɗaya ya rage mana. Akwai wani Duhon, shugaban leburori a rijiyar mai, hannu harɗe a ƙirji tun safe, wanda ya ce shi dai a ganinsa ba a kama mutum a banza. Renata ta nemi a cire shi da dalili. Mai shari'a ta tambaye shi ko zai iya ajiye ra'ayinsa ya bi doka, ya ce zai iya, shi ke nan dalili ya mutu. Dole layinmu na ƙarshe ya tafi a kansa, ko ni ne haka zan yi.

Amma sha huɗu ba ta buƙatar layi. Wannan ne nake so in rubuta a fili, don kada gobe in yi wa kaina ƙarya. Tashi kawai zan yi in je gaban mai shari'a in buɗe fayil, minti biyu, a sallame ta, ba tare da mun taɓa layinmu ba.

Comeaux ta ce, "Akwai mai komawa baya kafin in rantsar da su?"

Renata ta ja layi a kan Duhon. Kafin ta miƙa takardar sai ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mista Lucius, akwai wanda ya wuce ni?"

Ta tambaya. Hollis yana bencin baya yana kallonmu, Wendell yana gefena yana jin komai, fayil ɗin yana jingine da ƙafata.

Na ce, "Ke ce a kujerar gaba."

Ta yi murmushi, ta ɗauka amincewa ce. Aka cike gurbin Duhon, ƙarfe uku da minti ashirin sha biyun suka ɗaga hannun dama suka rantse.

Laraba, 8 ga Maris

Mutum ɗaya ce cikin sha biyu. Sai duka sun yarda ake samun mutum da laifi. Shaidarmu tana da ƙarfi. Ba abin da zai faru.

Alhamis, 9 ga Maris

Renata ta yi wa wanda aka soka tambayoyi yau. Da farko ya rantse ba ya riƙe da komai. Ba ta ɗaga murya ba, ta bi shi a hankali: wane aiki yake yi lokacin, da me ake jawo igiyar jirgi, da wane hannu yake jawowa. Kafin ya farga ya sa ƙugiyar a hannunsa da bakinsa. Pitre ya yi ta juya biro.

Ni da tun tambaya ta uku na far masa, ya rufe baki. Na san haka. Na zauna ina rubuta "da kyau" a gefen takarda. Wai mutum ya ga ɓangarensa yana cin nasara ya ji kamar an zage shi. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi. Ina kishin yarinyar da na koya wa inda ake rataye kwat.

Sha huɗu ba ta rubuta komai. Sauran suna ta rubutu, ita tana kallon hannun Wendell.

Juma'a, 10 ga Maris

Sha biyun sun shiga ɗakin shawara ƙarfe goma sha ɗaya. Muka zauna a baranda. Matar Wendell ta kawo masa rigar da zai sa ya koma gida, a cikin leda, ta goge ta. Awa biyar.

Da suka fito, takardar hukuncin tana hannun Eulalie Prejean. Ita suka naɗa shugabarsu.

Sun same shi da laifi, yadda gwamnati ta nema, ba ragi. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce e, hukuncinsa ne. Wendell ya juyo ya ce, "Mista Lucius, me suka ce?" Ya ji sarai. Renata ce ta riƙe hannunsa har 'yan sandan kotu suka zo.

A wurin ajiye motoci wani daga cikinsu, direban motar makaranta, ya tsaya mana. Ba ya son haɗa ido. Ya ce da suka fara ƙuri'a mutum takwas sun ce a sake shi. "Mis Eulalie ce ta juyo da mu, ranki ya daɗe. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai yi ta cewa duk mai wuƙa haka yake faɗa, kare kai, kare kai, kuma wanda aka soka shi ma ɗan wata ne. Tana magana tana hawaye. Wa zai yi gardama da tsohuwa tana hawaye?"

Renata ta ce masa ta gode. Ta shiga motarta ta zauna, ba ta tayar ba. Na wuce ta gefenta na shiga tawa.

Asabar, 11 ga Maris

Ban fita ba. Claudette ta dafa miyar kuɓewa da kaguwa, ta kwashe abinta yadda ta kawo.

Litinin, 13 ga Maris

Hollis ya shigo ofishina da kansa. Ya ce, "Ina ganin na yi gaggawa, Lucius. Ta iya tambaya, amma ido sai an daɗe. Shari'ar kisan da ke tafe a watan Mayu taka ce, kai za ka tace."

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: na ji daɗi. Daɗin ya kai minti ɗaya, wataƙila biyu. Har gyara zama na yi.

Bayan ya fita Renata ta shigo da takardarta ta tacewa, duk ta cukurkuɗe. Idonta ya kumbura. Ta shimfiɗa ta a kan teburina ta tsaya kamar ɗaliba.

"Nuna min, Mista Lucius. Tun Juma'a nake dubawa. Na san akwai abin da ta yi wanda ya kamata in gani. Zamanta ne? Muryarta? Me ya kamata in tambaye ta ban tambaya ba?"

Na ce wani lokaci ba a gani.

"Kai da ka gani," ta ce. "Da kai ne a kujerar da ka gani. Na yi maka dariyar takalma, ka yafe min."

Ta ce ta gaya wa Hollis a mayar da ita kan ƙananan laifuka, ba ta son ta sake salwantar da rayuwar wani. Shekara takwas ina jiran ranar da yarinyar nan za ta tsaya a gabana ta ce na fi ta. Ga ranar ta zo, har da ban haƙuri, kuma fayil ɗin yana cikin aljihun teburin da ta dafa.

An sa ranar yanke wa Wendell shekaru, 18 ga Afrilu. Pitre zai nemi ashirin da biyar.

Laraba, 15 ga Maris

Matar Wendell ta bugo sau uku. Na ce a ce ina kotu.

Asabar, 18 ga Maris

Na samo dabara, ko na ce na ɗauka na samo. In rubuta takardar rantsuwa in ce jiya ina gyara ɗakin fayiloli na ci karo da sunan Sonnier, sai na tuna. A nemi sabuwar shari'a. Tsoho Lucius ya sake ceto ofis, Hollis ya yi ta ba da labari har ya yi ritaya.

Na rubuta ta a teburin cin abinci da hantsi, ta yi kyau ƙwarai. Claudette ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya ta karanta ta bayan kafaɗata, kamar yadda na hana ta yi tun muna amarci.

"Jiya ka tuna?"

Na ce haka na rubuta.

"Ranar Talata ta makon jiya ka dawo gidan nan ka zauna a mota rabin awa. Ina kallonka ta taga." Ta gyara riƙon kwandon. "Ni ba lauya ba ce, baban yara. Amma in za ka ɗaga hannu ka rantse, ka cire ni daga masu zuwa kallo."

Na yi mata tsawa na ce ba ta san komai a kan aikin nan ba. Ta tafi shanyarta.

Abin haushin shi ne, ko ta fuskar aikin ma takardar ba ta da ƙarfi, kuma na fi kowa sani. Pitre zai ce shekara ashirin da biyu ne, tsohuwa ta manta fuskar lauya, ba ta fahimci tambaya ba. Ta zo ta yi hawaye, Comeaux ta ce ba ta ga ganganci ba, a wuce wurin. Alƙalai ba sa son warware abin da sha biyu suka ɗaure. Abu ɗaya ne ba alƙalin da zai iya haɗiyewa: lauyan da ya sani, hujja tana jingine da ƙafarsa, aka tambaye shi, ya yi shiru ya bar wanda yake karewa ya nutse. Wannan takardar za ta iya fitar da Wendell. Za ta kuma kai ni gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, ina da shekara hamsin da tara.

Litinin, 20 ga Maris

Na rubuta takarda ta biyun, ta gaskiyar, da kwanan wata da ƙarfe nawa. Na rantse a gaban magatakarda, ita ɗin dai. Ta karanta kafin ta buga hatimi, ba ta ko dube ni ba.

Hollis ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce in bar makullan ofis kafin Juma'a, kuma dole a ɗauko lauya daga waje ya shigar da buƙatar sabuwar shari'a. Renata ta karanta a ofishinta. Na ji ƙarar rufe ƙofa, shi ke nan.

Ba don Renata na yi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Laraba, 22 ga Maris

Na je gidan yari da kaina, kafin ya ji a bakin wani. Na gaya masa tun daga jakar matar har zuwa ƙarfe uku da minti ashirin. Ban rage komai ba.

"Ina zaune a gefenka," ya ce. "Na ji lokacin da ta tambaye ka."

Na ce haka ne.

"Me na yi maka, Mista Lucius?"

Na ce bai yi min komai ba.

"To ita fa? Me ta yi maka?"

Na buɗe baki zan kawo maganar Hollis, da kujera, da shekara ashirin da tara. Abin da ya fito shi ne, "Ta fi ni iyawa."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya tashi ya ƙwanƙwasa wa mai gadi ƙofa. Yana tsaye ya ba ni baya na ce masa, in aka ba shi sabuwar shari'a, in kuma doka ta bari, ya nemi Renata ta tace masa sha biyun, kada ya yarda da kowa. Bai fita ba sai da na gama.

Ban san daga ina maganar nan ta fito ba. Gajiya ce wataƙila, tun safe ban ci komai ba.

An sa sauraron buƙatar ranar 11 ga Afrilu. Ni ne shaida na farko. Claudette ta ce za ta zo.